Yadda Ake Zaɓen Agogon Hannu da Wuƙar Aljihu Masu Ƙarko a Bauchi

Duk wanda ya ga baƙin agogon robar da ke hannuna sai ya tambaye ni shekararsa nawa. In na faɗa, tambaya ta biyu ta biyo baya: ina ake samun irinsa, kuma ta yaya mutum zai san ba jabu aka miƙo masa ba? Haka ma 'yar wuƙar da nake yanka igiyar buhu da ita in mun je gona ta hanyar Alkaleri. Tambayar ta yi yawa, shi ya sa na ga gara in shimfiɗa amsar daki-daki. Abu uku ke kashe agogo a ƙasar nan: ruwan alwala, gumi da ƙura. Wuƙa kuwa, tsatsa da muguwar wasa ke cinye ta, girmanta kuma na iya jawo wa mai ita tambayar da bai shirya amsawa ba.

1. Fara da duba yininka

Kafin ka doshi Wunti ko Muda Lawal, zauna ka lissafa abin da hannunka ke taɓawa daga asuba zuwa isha'i. Ɗan acaɓa da mai Keke Napep jijjiga ce abokiyar aikinsu. Magini da siminti yake kwana, manomi da laka da taki, bakanike da fetur da baƙin mai. Malamin makaranta da ma'aikacin ofis sun fi kowa sauƙi. Wanda ya san aikinsa na bugu ne, ya cire agogon biki daga lissafi tun yanzu. In yana so ya saya daban, ya ajiye don Juma'a da Sallah.

2. Zaɓi abin da ke tafiyar da agogon

Iri uku za ka tarar. Akwai mai batir, ko mai lamba ne ko mai hannuwa. Shi ya fi arha, ya fi jure faɗuwa, ya fi riƙe lokaci. Casio F-91W, wanda ya fito tun 1989 kuma har yau ana ƙera shi, kuskurensa bai wuce daƙiƙa 30 a wata ba, batirinsa kuma kan kai shekara 7. Wasu na Casio irin AE-1200 da W-800H batirinsu na shekara 10 ne.

Akwai mai cin hasken rana, kamar Citizen Eco-Drive da Casio masu rubutun Tough Solar. Rana kam Allah ya hore mana ita, amma a lura: mai yawan sa kaftani mai dogon hannu yana rufe fuskar agogon yini guda. Sai ka riƙa ɗora shi a bakin taga lokaci-lokaci.

Gargaɗi: kada ka shanya shi a gaban mota cikin zafin Maris da Afrilu wai don ya sha caji. Zafin da ke taruwa bayan gilashin mota yana lalata batirin ciki, yana kuma baƙanta fuskar mai lamba.

Na uku shi ne mai tafiya da motsin hannu, wato otomatik, irin Seiko 5 da iyayenmu suka riƙa dawowa da shi daga Makka. Agogo ne mai daraja, ina kuma ƙaunarsa. Sai dai gaskiya ɗaya ce: yakan yi gaba ko baya da 'yan daƙiƙoƙi kullum, in ka ajiye shi kwana biyu ya tsaya, ba ya son jijjigar babur, ba ya son kusantar maganaɗisun sifika, kuma bayan 'yan shekaru sai an buɗe an wanke an sa masa mai. In agogo ɗaya tal za ka mallaka, ɗauki mai batir.

3. Juya bayansa ka karanta maganar ruwa

A nan mafi yawan mutane ke faɗawa rami, ni ma a nan na faɗa. Ana saura kwana biyu Ƙaramar Sallah na sayi wani agogo mai ruwan gwal a wajen wani mai tebur, ya rantse mini ruwa ba ya shigarsa. Ranar Idi na yi alwala da shi, kafin a sauko daga hawa gilashin ya yi gumi ta ciki. Kwana goma hannun daƙiƙa ya tsaya. Na kai wa wani dattijo mai gyara, ya maƙala ɗan madubinsa a ido, ya ɓalle murfin da bakin 'yar wuƙa, ya juyo mini da shi. Tsatsa ta riga ta yi ja a gefen batir, ko zoben roba babu a bakin murfin. Ya ce, "Ɗana, wannan ba a yi shi don ya ga ruwa ba. In za ka sake saye, kawo mini in duba kafin ka biya." Na ce, "To Baba, na gode." Tun daga ranar nake karanta bayan agogo kafin in kalli fuskarsa.

Ga ma'anar abin da za ka gani a rubuce. In an sa Water Resist kawai, ko 30M, ko 3 BAR, nufinsa yayyafi da fantsamar wanke hannu. Ba wai za ka nutse da shi mita 30 ba, lambar ta gwajin matsin ruwa ce a masana'anta. 50M ya ɗan fi, yana ɗaukar alwala da ruwan sama. 100M ko 10 BAR shi ne wanda za ka yi iyo da shi hankali kwance, ko a Wikki ne in an je Yankari. 200M kuwa, wanda yawancin G-Shock, wato agogon Casio mai jure bugu, ke ɗauke da shi, ya wuce duk abin da yininka zai kawo.

Shawarata ga mai salla biyar ita ce 100M. Dalili kuwa, wuyan hannu yana cikin wurin da dole ruwa ya taɓa. Mai agogon da ke tsoron ruwa kullum cikin cirewa yake, ya ɗora a kan dakalin alwala, wata rana a tada iƙama ya yi sauri ya bar shi nan. Agogon da ya ɓace a masallaci ya fi wanda ya lalace yawa a cikin waɗanda na sani. Mai 100M sai dai ka ɗan tura shi sama, ka cuɗa wurin, ka mayar. F-91W rubutunsa na fantsama ne kawai, duk da cewa a aikace yana jurewa fiye da haka. In kana son kwanciyar rai da kuɗi kaɗan, nemi W-800H ko AE-1200 in mai lamba kake so, ko MRW-200H in mai hannuwa ne.

Gargaɗi: kada ka danna maɓalli alhali agogon na cikin ruwa. Mai hannuwa kuma ka tabbata ɗan kunnen saita lokaci a ture yake ciki. Ruwan zafi da sabulu suna cin zoben roba, don haka a cire shi in za a yi wankan hunturu.

4. Jiki, gilashi da maɗauri

In ka ga an rubuta Stainless Steel Back, murfin baya kaɗai ake nufi. Sauran jikin wani ƙarfe ne mai arha da aka yi wa fenti, gumi zai ci shi, ya yi ƙuraje, wani har ya sa fata ƙaiƙayi. Wanda duk jikinsa ba ya tsatsa ana rubuta All Stainless Steel. In kuɗin bai kai nan ba, jikin roba na kamfanin kirki ya fi ƙarfen fenti nesa ba kusa ba.

Gilashi kuma, na roba saurin karcewa gare shi amma ba ya tarwatsewa, ana ma iya goge ƙananan zane da man goge baki. Na gilashi sosai ya fi jure karce. Wanda ake kira Sapphire ya fi su duka tauri, yashi ma ba ya zana shi, sai dai tsada, kuma bugu mai ƙarfi na iya fasa shi. A lokacin hazo kada ka goge fuskar agogo da bakin riga a bushe. Ƙurar nan yashi ce, kai da kanka kake karce shi. Hura ta tukuna ko ka ɗauraye.

Maɗaurin fata ba ya shiri da alwala da gumin bazara, wata kaɗan ya yi wari ya tsage. Na roba yana shekaru kafin ya bushe ya karye, kuma canjinsa ba wuya. Na ƙarfe ya fi daɗewa in ana wanke dattin da ke maƙalewa a gaɓoɓinsa da tsohon buroshi. Ga wani abu da ba a cika lura da shi ba: turare. Mun saba shafa shi a wuyan hannu, shi kuwa yana cin roba yana dusashe fenti. Shafa turarenka, bari ya sha iska, sannan ka ɗaura.

5. Gwada shi a gaban mai kaya, ka yi lissafin kuɗi

Farashi a naira yana bin dala, yau daban gobe daban, don haka riƙe wannan ma'auni. A ƙasashen waje F-91W yana tsakanin dala 15 zuwa 25. G-Shock mafi sauƙi, irin DW-5600, yakan kama daga wajen dala 50 zuwa sama. Buga da canjin ranar, ka ƙara ɗan abin dako da ribar ɗan kasuwa. In aka ce maka ga sabon G-Shock a kuɗin da bai kai rubu'in wannan ba, ba sa'a ka taka ba, jabu ne.

Ga F-91W akwai gwajin da aka sani. Yana kan nuna lokaci, danne maɓallin dama na kamar daƙiƙa 3, na asali zai rubuta CASIO a fuskarsa. Masu jabu sun fara kwaikwayon wannan ma, saboda haka kada ka tsaya nan. Duba lambar 593 a cikin ɗan akwati a murfin baya, rubutun ya fito tsaf ba a karkace ba. Karkata agogon ka kalle shi ta gefe, lambobin na asali ba sa dishewa nan da nan. Danna kowane maɓalli, kunna fitila, saurari ƙararrawa. Ga mai hannuwa, ja kunnen ka juya hannuwan su zagaya sau ɗaya, ka ji ko akwai inda suke cijewa.

Na gwanjo ba laifi ba ne, sau da yawa ma ya fi sabon jabu. Amma ka ɗauka cewa ruwa na iya shigarsa har sai mai gyara ya duba zoben. Kuma ka yi ciniki da mai shago ko mai teburin da gobe za ka same shi a wurin, ku yi magana a kan dawowa da kaya kafin kuɗi ya bar hannunka.

6. Ranar canjin batir

Tsaya a wurin, kada ka bar shi ka tafi. Yawancin masu hannuwa SR626SW suke ci, masu lamba kuma CR2016 ko CR2025. Akwai mai arha da ake rubuta wa LR626 ko AG4, girmansu ɗaya da na farkon, amma ba ya daɗewa kuma yana iya zubar da ruwa ya cinye injin. Ce a sa maka SR. Kalli zoben robar da idonka, a share shi, a shafa masa ɗan man silikon, a mayar da shi mazauninsa ba a murɗe ba. Casio mai lamba in ya ƙi tashi bayan an sa sabon batir, ba mutuwa ya yi ba, akwai wurin da aka rubuta AC a ciki, a haɗa shi da bayan batirin da ɗan hantsaki. Batirin da ya mutu kuma kada a bar shi ciki wata da watanni.

7. Wuƙa: fara da girmanta

Wannan matakin ya fi duk na bayansa muhimmanci, kuma da gaske nake. Mu a Bauchi mun san abin da sara-suka suka jawo, maƙwabtanmu na Gombe sun san 'yan kalare. Saboda su, matashin da aka laluba aka samu da wuƙa a ƙugu ba a fara yi masa kyakkyawan zato, musamman da dare, ko ranar hawan Sallah, ko wurin taron siyasa da gidan biki. Jami'in da ya tare ka ba zai tsaya nazarin sunan kamfani ba. Abin da zai gani shi ne tsawo, da tsini, da inda ka ɓoye ta.

Saboda haka wuƙar yawo ta zama ƙarama mai naɗewa, ruwanta kada ya wuce tsawon yatsarka manuniya, santimita 6 zuwa 8 ke nan. Ta yi kama da kayan aiki: mai baki ɗaya, ba mai kaifi biyu ba, ba mai fitowa da danna maɓalli ba, ba baƙa mai zanen ƙoƙon kai ba. Barho da doguwar wuƙa mai kube na mahauci ne a rumfarsa, da manomi a gonarsa, da makiyayi a daji. In za a kai su wurin aiki, a naɗe a sa cikin jaka tare da sauran kayan aikin.

Gargaɗi: ba a shiga jirgi da wuƙa a aljihu ko jakar hannu. Maniyyata masu tashi daga filin jirgin Sir Abubakar Tafawa Balewa su sa ta a babbar jaka ko su bar ta gida. Haka banki, kotu da makaranta. Yaro kuwa ba a ba shi ta tafi da ita ko'ina. Kuma duk wanda ya san yana da saurin fushi, na roƙe shi ya bar wuƙa a gida, ya ɗauki ɗan almakashi.

8. Ƙarfen

Iri biyu ne. Baƙin ƙarfe mai tsatsa, irin na maƙeranmu da suke ƙerawa da sifirin mota, da Okapi ta Afirka ta Kudu mai zobe a baya, da Opinel ta Faransa mai rubutun Carbone. Yana ɗaukar kaifi da wuri, dutse kaɗan ya tashi. Aibinsa, ka yanka lemo ko tumatir ko mangwaro ka bar shi a jiƙe, kafin la'asar ya yi ja. Baƙi-baƙin da yake yi da daɗewa ba komai ba ne, yana ma kare shi. Jan ne abin gudu.

Sai wanda ba ya tsatsa, irin Victorinox ta Suwizalan da Opinel mai rubutun Inox. Ga mai sa wuƙa a aljihun da ke shan gumi, wannan ya fi sauƙin riƙo. Victorinox kuma da ja take, da ɗan almakashi ko abin kwance noti a jikinta, kowa ya gan ta ya san ta aiki ce. Ƙaramar cikinsu da Opinel lamba 7 duk suna wajen dala 15 zuwa 30 a waje. Wuƙar maƙeri ba ta kai ko kusa da haka ba, kuma in ka dace da mai hannu mai kyau za ta yi maka shekaru. Abin da zan hana ka shi ne masu ƙyallin nan marasa suna da ake zubawa a faranti. Ƙarfensu laushi gare shi, ka wasa da safe, azahar ta dakushe.

9. Riƙe ta a hannu kafin ka biya

Buɗe ta, kama ruwan ta baya da yatsu biyu, ka girgiza hagu da dama. In tana lilo, ajiye. Naɗe ta ka duba ko tsinin ya shige ƙota gaba ɗaya, don wanda ya leƙo zai huda aljihu ya huda yatsa. In mai makulli ce, kamar zoben wuyan Opinel da ake murɗawa, kulle ka danna bayan ruwan a hankali ka ga ko zai rufe. Victorinox ta aljihu yawanci ba ta da makulli, ƙarfin sifirin ne ke riƙe ta, don haka yanka ake yi da ita, ba a huda abu mai tauri.

A wajen maƙeri kuwa, tambaye shi da wane ƙarfe ya yi. Karɓi magagari ka ɗan goga a bakin. In ya zame bai kama sosai ba, ƙarfen ya sha wuta yadda ya kamata. In ya ci shi kamar ƙusa, ba za ta riƙe kaifi ba. Duba ko ƙarfen ya ratsa ƙotar har ƙarshe an kuma dasa masa ƙusa biyu ko uku. Daga nan ka wuce wajen baduku ya ɗinka mata kube daidai ita, wanda in ka kifa shi ba za ta zube ba.

Ƙotar Opinel itace ce, da damina takan kumbura ruwan ya ƙi fitowa. Kada ka sa haƙori ko farce da ƙarfi. Buga ƙarshen ƙotar a kan benci sau ɗaya, bakin zai leƙo.

10. Wasa da ajiya

Ana gobe Babbar Sallah za ka ga layi wajen masu wasa da inji, tartsatsi na tashi. Ga adda da gatari babu damuwa. Ga 'yar wuƙarka kuwa asara ce: injin na cinye ƙarfe, in kuma bakin ya yi shuɗi to zafi ya kashe taurinsa, ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye wurin.

Nemi dutsen wasa mai fuska biyu, gefe mai kaushi da gefe mai laushi. Jiƙa shi da ruwa. Kwantar da ruwan wuƙar a kai, ka ɗaga bayanta kaɗan, kamar digiri 15 zuwa 20, wato tsayin da za a iya tura kwabo biyu a ƙarƙashi. Tura ta gaba kamar kana son feffere dutsen, daga gindi zuwa tsini, hannunka kada ya riƙa hawa da sauka. Ci gaba a gefe ɗaya har sai ka shafa ɗaya gefen da babban yatsa, daga baya zuwa baki, ka ji wani ɗan ƙaiƙayi ya taso tun daga gindi har tsini. Wannan ce alamar ka kai bakin. Juya ka yi wa ɗayan haka. Sannan ka koma gefe mai laushi, hannu sakwa-sakwa, kana juyawa. Ƙarasa a bayan tsohon bel na fata, kana jan ta baya-baya sau goma kowane gefe. In ba dutse a kusa, gindin kofin tangaran inda ba a shafe ba yana tayar da kaifi.

Gargaɗi: kada ka gwada kaifi da jan yatsa a tsawon baki. Gwada a takarda, in ta ratsa ba tare da yagewa ba ta yi. Kuma wuƙar aljihu ba ta yankan rago ba ce. An umarce mu da kyautata yanka, da wasa wuƙa, da hutar da dabba, wannan kuwa sai doguwa mai kaifi.

Bayan kowane aiki share ta ta bushe kafin ka naɗe. Mai tsatsa a shafa mata ɗan man kaɗanya ko basilin. Man gyaɗa yana daskarewa ya yi danƙo a gaɓa, baƙin mai kuma ba ya haɗuwa da abin da za a yanka a ci. Kada a bar ta cikin kuben fata tsawon damina, fata na riƙe laima. Lokacin hunturu kuwa ƙura da zaren aljihu kan cika gaɓar har ta riƙa ƙara in an buɗe. Sa tsinken sakace ka fitar da dattin, ka ɗiga mai ɗigo ɗaya, ka buɗe ka rufe sau biyar, ka share abin da ya fito.